Ciwon Daji na Bakin Mahaifa: Yadda Bincike Ya Bi Diddiginsa



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne wanda bisa al'ada ba a cika ambatonsa a bainar jama'a ba, domin ya shafi wani sashe na jikin mace wanda kunya ta lulluɓe shi. Amma da yake wannan zaure na ilimi ne, kuma masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, ina roƙon a yi mini uzuri in kira kowane abu da sunansa. Maganar ita ce ta ciwon daji na bakin mahaifa, wanda wasu ke kira sankara, wasu kuma kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da wannan ciwo a duniya, kuma kimanin 350,000 suka rasu saboda shi, fiye da kashi 90 cikin ɗari nasu a ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki. A Nijeriya, ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna mata wajen 12,000 ne suka kamu, wajen 8,000 suka rasu, kuma in ban da ciwon daji na mama babu wanda ya fi shi yawa a cikin mata. Galibinsu kuwa iyaye ne da ke tsakiyar renon 'ya'ya.

Abin mamaki shi ne, a cikin dukkan nau'o'in ciwon daji da wuya a sami wanda masana suka fahimta kamar wannan. An san abin da ke kawo shi, an san yadda yake ɓarna a cikin jiki, an san tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya nuna, an kuma san yadda za a tare shi. Maƙasudin wannan lacca shi ne in bi da ku ta hanyar da masu bincike suka bi, fiye da shekara 160, kafin su kai ga wannan sani, sa'an nan mu dubi abin da ya rage a wuyanmu.

Bambancin ƙari da daji

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu fahimci abin da ake nufi da ciwon daji. Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kimanin tiriliyan 30, waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar ƙarni na 19 wani masani Bajamushe mai suna Rudolf Virchow ya yaɗa ra'ayin cewa kowace ƙwayar halitta daga wata ƙwayar take fitowa, watau ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, haka har abin ya yawaita. A cikin kowace ƙwaya akwai rubutaccen umurni, wanda masana ke kira DNA, kuma duk lokacin da za ta rabu sai ta kwafe wannan umurni baki ɗaya ta ba 'yarta. Kamar dai yadda ɗalibi a makarantar zaure yake kwafe littafi daga na malaminsa ne: in ya yi kuskuren harafi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji kuskuren.

Daga cikin wannan umurni akwai sassan da ke cewa ƙwaya ta rabu, akwai kuma masu cewa ta dakata. Na farko kamar ƙaimi ne a cikin doki, na biyu kamar linzami. Muddin mahayi yana riƙe da duka biyun, doki yana tafiya inda ake so. Idan kurakurai suka taru har linzami ya tsinke, ko ƙaimi ya kafe a jikin doki, sai ƙwayoyin su yi ta rabuwa ba tsayawa, su tara tsiro.

Tsiro kuwa iri biyu ne. Akwai wanda ke girma a wuri ɗaya, ba ya kutsawa cikin naman da ke maƙwabtaka da shi. Misalinsa shi ne ƙarin mahaifa, wanda ya yi yawa ƙwarai a cikin mata baƙar fata. Yana kawo zubar jini da nauyin mara, wani lokaci ya kawo tangarɗa ga haihuwa, amma ba daji ba ne, kuma da wuya ƙwarai ya rikiɗa ya zama daji. Akwai kuma tsiron da ke fasa iyakarsa, ya ci naman da ke kusa, ya bi jijiyoyi ya kafa zango a hanta ko huhu ko ƙashi. Wannan shi ne daji. A gaɓoɓin haihuwa na mace yana iya tasowa a ma'ajiyar ƙwai, ko a cikin mahaifa, ko a bakinta, watau ƙuntataccen wurin nan da jariri ke ratsawa in zai fito. Kowanne da sababinsa da halinsa. Na bakin mahaifa shi ne abin da za mu bi.

Littattafan mutuwa na Verona

Zaren labarin ya faro ne daga ƙasar Italiya. A shekarar 1842 wani likita mai suna Domenico Rigoni-Stern ya zauna ya bi littattafan da ake rubuta mace-mace a birnin Verona, na tsakanin 1760 da 1839. Ya lura cewa ciwon daji na mahaifa ya fi kashe matan aure da waɗanda mazansu suka mutu, alhali kuwa da wuya a same shi a cikin mata masu zaman ibada na coci, waɗanda ba sa aure. Ciwon daji na mama kuwa ya fi yawa a cikin masu zaman ibadar.

Wannan likita bai san ƙwayoyin cuta ba, domin a zamaninsa ilimin bai kai nan ba. Lissafinsa ma yana da rauni in an auna shi da ma'aunin yau. Duk da haka ya bar wa na baya tambaya mai nauyi: mene ne a cikin zaman aure yake kawo wannan ciwo? Ya kamata ma'aikatan hukuma da ke cikin wannan zaure su lura da cewa asalin wannan bincike rajista ce kawai, wadda wasu magatakarda suka yi ta cikawa shekara 80 ba tare da sun san amfanin da za ta yi ba.

Madubin Papanicolaou

Tun kafin a amsa waccan tambaya, sai aka sami wata dabara ta daban. George Papanicolaou likita ne ɗan ƙasar Girka wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1913, ya kama aiki a jami'ar Cornell da ke birnin New York. Da farko nazarin al'adar haihuwa yake yi a jikin ƙananan dabbobi, ta hanyar shafo ƙwayoyin halittar da ke zubowa daga gabansu ya duba a madubi. Daga baya ya juya ga mata, kuma matarsa ce ta yi shekaru da dama tana ba shi abin gwaji. Ana cikin haka ya ga cewa ƙwayoyin da aka shafo daga mai ciwon daji sun bambanta da na mai lafiya: cibiyarsu ta kumbura, ta yi duhu, siffarsu ta karkace.

Ya bayyana wannan a 1928, amma likitocin zamanin ba su ba shi muhimmanci ba. A daidai wannan lokaci wani masani ɗan ƙasar Romaniya, Aurel Babeş, ya fito da irin wannan dabara. Sai a 1943, bayan Papanicolaou da abokin aikinsa Herbert Traut sun buga littafi a kan gwajin, aka fara karɓarsa.

Babban abin da gwajin ya tona shi ne, daji ba ya faɗowa dare ɗaya. Shekaru da yawa kafin ya bayyana, ƙwayoyin da ke saman fatar bakin mahaifa sukan fara sauya kama, alhali mace ba ta jin ciwo ko kaɗan. A wannan mataki tabon bai fasa iyakarsa ba, kuma in aka cire shi magana ta ƙare. Ƙasashen da suka tsara kiran mata gwaji a kai a kai tun daga wajen 1960, irin su Finland da Iceland, sun ga mutuwa daga wannan ciwo ta ragu da fiye da rabi. Watau an koyi tare ɓarawo tun ba a san sunansa ba.

Henrietta Lacks

A farkon shekarar 1951 wata mata baƙar fata mai suna Henrietta Lacks, mai 'ya'ya biyar, ta je asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore na Amurka tana zubar jini. Aka same ta da daji a bakin mahaifa. Yayin da ake yi mata magani aka yanki ɗan nama daga tsiron aka kai wa wani mai bincike, George Gey, ba tare da an nemi izininta ba. Ta rasu a watan Oktoba na wannan shekara tana da shekara 31.

Kafin wannan lokaci masana sun daɗe suna ƙoƙarin raya ƙwayoyin halittar mutum a cikin kwalba, amma bayan ɗan lokaci sai su mutu. Na Henrietta ba su mutu ba. Suka yi ta rabuwa kusan kowace rana, aka yi ta rarraba su ga ɗakunan bincike na duniya da sunan HeLa, kuma har yau ana amfani da su. Da su aka yi aikin gwajin allurar shan inna a 1954, da su kuma aka yi dubban bincike a kan daji da ƙwayoyin cuta. Iyalinta kuwa ba su san da wannan ba sai bayan fiye da shekara 20. Darasin da ɗalibanmu na likitanci za su ɗauka a nan shi ne, amfanin bincike, komai girmansa, ba ya halatta a taɓa jikin mutum ba da saninsa da yardarsa ba. Za mu sake komowa ga waɗannan ƙwayoyi nan gaba kaɗan.

Neman mai laifi

Tunanin cewa ƙwayar cuta tana iya haddasa daji ya daɗe. A 1911 Peyton Rous ya nuna cewa ana iya ɗaukar daji daga wata kaza a sa wa wata ta hanyar ruwan tsiron da aka tace sarai, abin da ke nufin akwai wata ƙwaya ƙarama ƙwarai a ciki, irin wadda ake kira bairos. Ba a ba shi lambar yabo ta Nobel ba sai a 1966, bayan shekara 55. A 1933 Richard Shope ya gano bairos mai sa zomaye fitar da tsiro kamar ƙaho, aka kuma ga tsiron yana iya zama daji. Amma jama'ar masana suka ce wannan sha'anin kaji da zomaye ne.

Daga Afirka aka sami abin da ya sauya wannan ra'ayi. A 1958 wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, da ke aiki a Yuganda, ya bayyana wani daji mai kumbura muƙamuƙin yara. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairos a cikin ƙwayoyin wannan tsiro. Shi ne bairos na farko da aka danganta da daji a jikin mutum.

Da wannan ƙofa ta buɗe, sai masu nazarin bakin mahaifa suka koma ga tambayar Verona. Hankalin mafi yawansu ya tafi ga wani bairos mai kawo ƙuraje masu ruwa a al'aura, wanda ake kira herpes, domin an sami alamarsa a jinin mata da yawa masu ciwon. Wani matashin masani Bajamushe, Harald zur Hausen, wanda ya yi aiki a kan bairos ɗin Epstein da Barr a Amurka, ya ce in har wannan zargi gaskiya ne, lalle a sami rubutun umurnin bairos ɗin a cikin ƙwayoyin tsiron kansu. Ya nema bai samu ba. A 1976 ya buga ra'ayinsa cewa mai laifin yana cikin dangin bairos masu kawo 'yan tsiron nan na fata, waɗanda ake kira HPV a taƙaice. Mutane da yawa suka ɗauki maganar abin dariya, don kuwa an san waɗannan tsiro ba sa kisa.

Abin da ba a sani ba a lokacin shi ne, HPV dangi ne babba. A yau an san fiye da iri 200. Zur Hausen da abokan aikinsa suka yi ta tantance su ɗaya bayan ɗaya. A 1983 suka ciro wani sabon iri daga naman daji na bakin mahaifa, aka ba shi lamba 16, a 1984 kuma suka ciro lamba 18. A 1985 suka duba ƙwayoyin HeLa, sai ga umurnin lamba 18 a liƙe cikin umurnin ƙwayoyin Henrietta. Shekara 34 bayan rasuwarta aka san abin da ya kashe ta.

Sauran aikin ya faɗo a kan masu ƙidayar cututtuka, musamman Nubia Muñoz, likita 'yar ƙasar Kolombiya, da abokan aikinta a cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa. Suka tattaro naman daji daga ƙasashe 22, kuma sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna akwai HPV a cikin kashi 99.7 cikin ɗari. Lamba 16 da lamba 18 kaɗai su ke da alhakin kimanin kashi 70 cikin ɗari na ciwon. A 2008 aka ba zur Hausen lambar Nobel.

Yadda bairos ke tsinka linzami

To, yaya wannan ɗan abu yake mayar da lafiyayyar ƙwaya daji? A bakin mahaifa akwai wata iyaka inda fatar ciki da fatar waje suka haɗu, kuma ƙwayoyin wurin kullum cikin sauyawa suke. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta 'yar ƙujewar da ido ba ya gani bairos ke sauka zuwa ƙwayoyin ƙasa. Shi kuwa ba ya iya hayayyafa da kansa, sai ya ari kayan aikin ƙwayar da ya shiga, kuma waɗannan kaya ba sa motsi sai ƙwayar tana shirin rabuwa. Saboda haka bukatarsa ita ce ya hana ta hutawa.

Yana yin haka ne da wasu sinadarai biyu da yake ƙerawa, E6 da E7. A cikin ƙwayar mutum akwai wani sinadari mai suna Rb, wanda shi ne linzamin da muka ambata. A 1989 masana suka nuna cewa E7 yana kama Rb ya hana shi aiki. Akwai kuma wani mai suna p53, wanda aka gano a 1979, aikinsa kamar na mai duba kwafi ne: in ya ga kuskure sai ya tsayar da aiki a gyara, in kuskuren ya fi ƙarfin gyara ya umurci ƙwayar ta kashe kanta. A 1990 aka nuna cewa E6 yana sa a rushe p53. Ke nan an zare linzami, an kuma kori mai duba. Ƙwayar ta ci gaba da rabuwa, kurakurai suna taruwa, babu mai tsawatawa. Wannan bincike ya amfani ilimin daji baki ɗaya, domin an gano cewa p53 a lalace yake a cikin kimanin rabin dukkan ciwon daji na mutane, har da waɗanda babu ruwansu da bairos.

Akwai abubuwa uku da ya wajaba a riƙe a nan. Na farko, HPV ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa, kuma yana da yawa ƙwarai, har galibin maza da mata sukan gamu da shi a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, kuma yana iya yin shekaru a jiki shiru. Saboda haka wannan ciwo ba shaida ba ce ta lalata, kuma zalunci ne a tuhumi mai shi. Na biyu, kimanin kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka kamu, garkuwar jikinsu takan kawar da shi cikin shekara biyu. Haɗarin yana ga 'yan kaɗan ɗin da ya zauna musu. Abubuwan da ke ƙara haɗarin sun haɗa da ɗaukar ciki da ƙuruciya, da yawan haihuwa, da shan taba, da raunin garkuwar jiki. Mace mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau ta ninka sauran mata sau shida wajen yiwuwar kamuwa. Na uku, kuma mafi muhimmanci, tsakanin shigar bairos da bayyanar daji akan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mai ƙarfin garkuwa, ko 5 zuwa 10 ga mai rauninta. Ba kowane ciwo ke ba da irin wannan wa'adi ba.

Rigakafi

Da aka san mai laifi, sai tunani ya koma ga allurar rigakafi. Wahalar ita ce HPV ba ya yarda a raya shi da yawa a ɗakin gwaji. A 1991 Ian Frazer da Jian Zhou a jami'ar Queensland ta Ostareliya, da kuma wasu masana a Amurka irin su Douglas Lowy da John Schiller a shekarun da suka biyo, suka nuna cewa ana iya ƙera ɓawon bairos ɗin kaɗai, ya haɗu ya yi siffarsa sak, amma cikinsa fanko ne, babu umurnin da zai sa ya hayayyafa. Garkuwar jiki in ta ga wannan ɓawo sai ta shirya masa, ranar da na gaskiya ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. A 2006 aka amince da allura ta farko. Ostareliya ta fara yi wa 'yan matanta a 2007, Ruwanda kuma ta zama ta farko a Afirka da ta yi wa ƙasa baki ɗaya a 2011.

Da yake ciwon mai jinkiri ne, sai da aka jira kafin a ga sakamako. Wani bincike na ƙasar Suwidin da aka buga a 2020, wanda ya bi mata kusan miliyan 1.7, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar kafin su kai shekara 17 haɗarinsu ya ragu da kashi 88 cikin ɗari. Na Ingila da aka buga a 2021 ya sami raguwar kashi 87 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13. A 2022, bisa ga gwaje-gwajen da aka yi a Kenya da Indiya da wasu wurare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda cewa allura ɗaya tana wadatarwa ga 'yan mata.

Dalilin da ya sa ake yi wa yara 'yan shekara 9 zuwa 14 shi ne, allurar tana hana bairos shiga ne, ba ta fitar da wanda ya riga ya shiga, sa'an nan garkuwar yara ta fi amsawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Game da jita-jitar da ake yaɗawa cewa tana hana haihuwa, an yi ɗaruruwan miliyoyin wannan allura a duniya tun daga 2006, kuma masu sa ido a kan lafiyar allurai sun bincika ba su sami alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba. Abin da aka tabbatar yana raba mace da mahaifarta shi ne dajin kansa.

Abin da ya rage

A ranar 17 ga Nuwamba 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan ciwo, da buri uku kafin shekarar 2030: a yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata allura kafin su kai shekara 15, a gwada kashi 70 cikin ɗari na mata da ingantaccen gwaji kafin shekara 35, a sake kafin 45, a kuma yi wa kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka samu da ciwon magani. Nijeriya ta shigar da allurar cikin jerin rigakafinta, kyauta, a watan Oktoba 2023, da niyyar isa ga 'yan mata miliyan 7.7 a karon farko.

Amma allura ta 'yan baya ce. Iyayensu da yayyensu gwaji ne zai cece su. Inda babu masu karanta gwajin Papanicolaou, ma'aikaciyar jinya da aka horar tana iya shafa ruwan khal mai sauƙi a bakin mahaifa, tabon ya yi fari cikin minti ɗaya, a ƙona shi ko a daskarar da shi a zama guda. Wanda ya fi wannan inganci shi ne gwajin neman HPV kansa, wanda mace ke iya shafo abin gwajin da hannunta, abin da ke sauƙaƙa wa mai jin nauyi. Wani bincike a karkarar Indiya da aka buga a 2009 ya nuna cewa yin wannan gwaji sau ɗaya tak ya rage mutuwa da kusan rabi.

Ko dajin ya riga ya kama, in an gano shi da wuri ana warkar da shi da fiɗa, ko da gashin haske haɗe da allurai. Alamominsa su ne zubar jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan mace ta daina al'ada, da fitar ruwa mai wari, da ciwon mara ko baya wanda ya ƙi tafiya. Abin baƙin ciki, mafi yawan matanmu ba sa isa asibiti sai ciwon ya ci ƙarfinsu, bayan an ƙarar da watanni wajen jiƙe-jiƙe, ko wajen jiran izini da kuɗin mota, ko kuwa kunya ta hana su faɗa. A lokacin kuwa magani ya yi tsada, injunan gashi sun yi kaɗan, tafiya ta yi nisa.

Kammalawa

Jama'a, mun taso daga littattafan Verona na 1842, mun bi ta madubin Papanicolaou da kwalbar HeLa da ɗakin binciken zur Hausen, har mun iso ga allurar 2006. Masana sun sauke nasu nauyin. Abin da ya saura aiki ne na gudanarwa, kuma mutanen da za su yi shi suna zaune a wannan zaure. Jami'in ilimi shi zai buɗe wa masu allura ƙofar makaranta, ya kuma tuna da 'yan matan da ba sa zuwa makaranta. Jami'in kuɗi shi zai sa gwajin mata cikin kasafi, ya ga kuɗin ya fita a kan kari. Magatakardan asibiti shi zai cika rajista da gaskiya, domin da ita za a san ko ana ci gaba. Ɗalibi shi zai koma gida hutu ya yi wa mahaifiyarsa da gwaggonsa bayani cikin ladabi. Maigida kuwa, in matarsa ta ce tana ganin jinin da ba ta gane ba, ya kai ta asibiti a wannan mako.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A wannan karon na kowa ne, domin galibinmu ta wannan ƙofa muka ratso ranar da muka zo duniya.  Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare masu ita.